Ɗakin Sanyi da Magaryar da Muka Sare

A farkon ranin nan na bi ta bayan tsofaffin lambuna zan je gaisuwar rasuwa, sai na tarar da samari uku sun sa diga a bangon ɗakin sanyi. Suna fasa ƙasar, suna kwaɓawa, suna buga bulo a gefe. Na dogara da sandata ina kallo. Ɗayansu jikan ƙanena ne, ya ɗago yana share gumi, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce, "Sannu Baba Mushe. Ko akwai ajiyarka a ciki ne mu tono maka?" Sauran suka yi dariya, ba ta raini ba, dariyar waɗanda ba su san abin da suke rushewa ba. Na ce su bar mini kusurwar arewa. Ya ce, "An bar maka, dama ƙasar can yashi ya yi mata yawa." Na wuce. A wurin gaisuwa ana ta addu'a ina amsawa da baki, amma kunnena yana can wajen ƙarar digar.

Wanda bai san kwarin Tarka a wancan zamani ba zai ce tsufa ne ya taɓa ni in na ce mun taɓa noma tuffa a Damargu. Ba irin wadda ake saukewa yanzu a bakin kwalta a Tanut ba, mai sheƙi, kowace da ƴar takarda manne a jikinta, wadda ta sha tafiya cikin mota mai firigon sanyaya kaya tun daga ƙasashen arewa. Tamu magarya ce aka yi wa aure. Wani malamin gona ne ya zo da rassanta a cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan farin da ya cinye dabbobi, lokacin da mutane suka koma haƙar rijiyoyin lambu don babu abin da ya rage musu. Ya sa aka nemo ƙananan magaryun daji, ya yanke kawunansu kamar taƙi biyu daga ƙasa, ya tsaga, ya fiƙe reshen da ya kawo kamar alƙalamin kara, ya cusa a tsagar, ya ɗaure da leda. Inda suka kama juna sai wurin ya yi ƙulli kamar gwiwar jaki. Daga ƙullin zuwa ƙasa magaryarmu ce ta gado, mai jure ƙishi. Daga ƙullin zuwa sama baƙuwa ce. Ƴaƴanta sun kai ƙwan kaza, in ka ciza sai ka ji sun yi ƙara kamar ɗanyen gurji, ruwa ya cika maka baki. Malamin ya ce a birni pom ake kiranta. Kakata ta ce ita ba za ta karya harshenta a kan magarya ba, ta ce magaryar aure, kowa kuma ya bi ta.

Aibinta ɗaya ne, ba ta da haƙurin uwarta. Magaryar daji kana shanya ta a rufin ɗaki ta shekara, a daka ta a yi gari. Wannan kuwa takan nuna gaba ɗaya, kwana uku a cikin zafi sai ta yi laushi, ta yi ja, ƙudaje su taru. Motar da ke ɗaukar kaya zuwa Agadas ba kullum take tsayawa ba, mu kuma tsakaninmu da kwalta wuni ne a amalanke. Shekarar farko da itatuwan suka yi ƴaƴa sosai, awaki ne suka ci rabin amfanin. Daga nan aka kafa koperatif, wato ƙungiyar masu lambu, gidaje ashirin da wani abu, Babana ne shugaba, aka kuma yi gayyar gina ɗakin sanyi. An haƙa ƙasa har ƙugun mutum, aka tada bango biyu, ɗaya a cikin ɗaya, aka cika tsakaninsu da yashin kwari wanda mata suka tankaɗe. Aka yi rufi da itacen aduwa da kara da laka mai kauri. A saman bangon aka bar ɗan kwari da ya zagaye ɗakin, nan ake zuba ruwa ya bi yashin ya sauka a hankali. Tagogi ƙanana ne, an rufe su da buhunan da ake jiƙawa. Iskar rani in ta bugi jiƙaƙƙen bango sai ta kwashe zafin ta tafi da shi, kamar dai yadda tulu ke sanyaya ruwa. Matafiya suka sa masa firigon laka. A ciki magaryar aure takan yi mako biyu, har fiye, tana nan da ƙarfinta tana jiran mota.

Sai dai bangon ba ya yafe mantuwa. Sau uku ake shayar da shi a wuni, da hantsi, da azahar, da la'asar, in aka tsallake ɗaya kuwa kwandunan da ke jikin bango su za su fara faɗa. Saboda haka aka yi ludayin. Wani ƙaton ludayin duma ne da aka ɗaura wa igiyar kaba a wuya. Gidan da ya gama aikinsa na yini sai ya kai shi ya rataye a ƙofar maƙwabci, ba sallama, ba magana. Ka fito da safe ka ga ludayi a ƙofarka, ka san yau jakinka da tulunanka na ɗakin sanyi ne. Ban taɓa jin an yi gardama a kansa ba. Har yau in na rufe ido ina jin kukan igiya a kan itacen bakin rijiya, da tulu yana kwankwaɗar ruwa, da ɗan shuuu ɗin da busasshen yashi ke yi in ruwan farko ya taɓa shi. In ka sauka matakala uku ka ture ƙyauren zana, sanyi ne ke fara kama maka ƙafa kafin ya hau jiki, sannan ƙamshi, na jiƙaƙƙiyar laka gauraye da na ƴaƴan itace, wanda ban sake jin irinsa ba ko'ina. Yanzu in yaro yana son sanyi sai ya sayi ruwan leda a shagon mai sola, ya sha ya jefar da ledar iska ta kai ta kan ƙaya. Bai san akwai sanyin da sai gidaje ashirin sun yarda da juna yake samuwa ba.

Ni a lokacin ɗan lakwal ne, wato ɗan makarantar boko, ina kwaleji a Tanut, gemu ya fara tsiro mini. Ina da itatuwa biyar da sunana a koperatif, ina kuma da ranar ludayi kamar kowane magidanci, ƙanena ke yi mini in ba na nan. Ba ni da surutu. A aji ma in na san amsa sai na rubuta ta a gefen littafin rubutuna na jira wani ya faɗa. Ga shi ni ɗan fari ne. Yaran yanzu da ke kiran ubansu a waya suna yi masa gardamar ƙwallo ba za su gane wannan ba. Babana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana son na ɗaure jaki sai ya ce wa bango, "Jakin nan haka zai kwana?" In ina da buƙata sai na bi ta wajen Kaka, ko ta wajen abokinsa, wani Buzu da fari ya raba da garkensa ya dawo lambu, muna ce masa Kawu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a lokacin ado ce. Malamin gona da ya ga ina bin sa ina kallon hannunsa ba na cewa komai, ranar da aikinsa ya ƙare zai koma, sai ya miƙo mini wani ɗan littafi na Faransanci mai zane-zane. Ya ce, "Kai ne mai karatu a nan, ka riƙe musu wannan." Na yi masa bango da takardar buhun siminti. Na karanta shi har na haddace.

A shafi na tara akwai zanen itace da ƙullinsa. An ja layi a sama da ƙullin an sa alamar yarda, an ja wani a ƙasa da shi an yi masa babban gicciye. A ƙarƙashi an rubuta cewa duk wanda ya yanke ƙasa da ƙulli ya kashe auren, abin da zai tsiro magaryar daji ce. Malamin da kansa yake yi wa itatuwan aski kowace bazara, daidai ƙugu yake yanka da ɗan zarto, bai taɓa tara mutane ya faɗa musu dalili ba, ko kuwa ya faɗa da Faransanci ya ɗauka an ji. Dattawa kuma suna da tasu fassarar. Kawu yakan kwaikwaye shi, ya riƙe baya yana nishi, ya ce, "Ɗan birni ne, ba ya iya sunkuyawa. Wandonsa ma ba zai bari ba." A yi ta dariya.

Shekaru biyu bayan tafiyarsa damina ta gaza. Rijiyoyi suka ja da baya, kawunan itatuwan suka bushe, ganye ya zube. Garkunan arewa suka gangaro kwari tun kafin lokacinsu, raƙuma suna miƙa wuya ta kan shinge, shingen kuma ya tsufa. Ina gida hutu aka kira taro a inuwar ɗakin sanyi bayan azahar. Babana ya ce abin da kowa ya sani tun kaka da kakanni: magarya in ta gaji, kwantar da ita ake yi. A sare ta daidai ƙasa, a yi shinge da ƙayarta, in ruwa ya sauka ta fito da ƙarfin budurwa. Ba wanda ya taɓa ganin sara ya kashe magarya. Kowa ya ce haka ne. Gaskiya ce kuma, a kan magaryar da suka sani. Littafin yana cikin aljihun rigata, ina jin kusurwarsa tana tokare mini haƙarƙari. Na miƙe tsaye. Na tuna sarai yadda maganar ta tsaya, kawuna suka juyo. Babana bai juyo ba, ya dubi Kawu ya ce, "Wannan da ya tashi, magana gare shi?" Kawu ya ce, "To ɗan lakwal, buɗe mana, ko Faransancin ne ya maƙale?" Abin da zan faɗa shi ne ubana ya yi kuskure, a gaban sa'anninsa, a kan magarya, itacen da ya fara sara tun ba a haife ni ba. Na ji muryata tana cewa, "A'a, lokacin shayar da bango ne ya yi." Na ɗauki ludayi na zagaya baya.

Da la'asar na sami Kaka tana sussukar ɗan geron da ya rage. Ita ce kaɗai nake iya yi wa magana har ƙarshe, don tsakaninmu wasa ne. Na buɗe mata shafin. Ta riƙe littafin a juye, na gyara mata. Ta ce, "Kai miji, duk wannan rawar jikin a kan hoton kara? Na ɗauka kishiya ka samo mini a Tanut." Na nuna mata ƙullin da gicciyen, na yi mata bayani sau biyu. Ta daina dariya. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa a can?" Na karɓi littafin na rufe. Ta ce, "Ragon miji. Ka kai wa ubanka mana." Na ce ba zan iya ba, ita ta kai masa. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Ka manta shi ma ɗan farina ne? Tun da na haife shi ban zauna na yi masa doguwar magana ba. Ni da kai duk igiya ɗaya ta ɗaure mu." Amma ta gwada. Da Babana ya shigo zai yi alwala, sai ta ce wa turmi, da ƙarfi, "Wai masu takarda sun ce ba a saran magaryar aure ƙasa da gwiwa." Babana ya zuba ruwa a hannu, ya ce wa buta, "Takarda ta taɓa kiwon akuya a Damargu?" Ina tsaye a bayan rumbu da littafin a buɗe. Taku huɗu ne tsakanina da shi. Na ƙirga su daga baya, sau da yawa.

Washegari da hantsi aka fita da gatura. Kaka ta riga kowa, ta je ta ɗaura tsohon zanenta a gindin itacenta guda ɗaya da ke bakin lambu kusa da gidaje, ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ta ce wa masu gatari, "Wannan inuwata ce, wanda ya taɓa ta sai ya fara da ƙafata." Kawu ya ce, "Inna, ina inuwa a itacen da ba ganye?" Ta ce, "Kai da ka yi shekara arba'in a ƙarƙashin raƙumi, kai za ka koya mini inuwa?" Aka yi dariya aka bar ta. Sauran kuwa aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sara a ƙasa yana da ƙarar da ta bambanta da saran reshe, mai nauyi ce, kana jin ta a tafin ƙafa. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne wannan: da aka zo kan nawa biyar, ƙanena ya miƙo mini gatari, na karɓa. Da na bar su a tsaye, da an tambaye ni dalili, da kuma sai na yi magana. Na sunkuya na sare su da hannuna, ƙasa da ƙulli, ina sane. Na ja rassan na kai shinge. An yaba mini ma, an ce ashe lakwal ba ta kashe mini hannu ba.

Damina ta gaba ta yi kyau, kamar da gangan. Kututturan suka fito da tsiro kore shar, kowane gindi da rassa goma, mutane suna wucewa suna cewa ma sha Allah. Ni tun ganyen farko na gane. Ƙanana ne, ƙayar ta yi yawa, bibbiyu, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe. Kawu ma ya tsaya wata rana ya murza ganye a yatsa ya ce, "Kamar ya ƙanƙance." Babana ya ce, "Jariri da kunnen babba ake haifarsa?" Na ji, na wuce. Aka sake yaɓe ɗakin sanyi, mata suka tankaɗe sabon yashi, aka saƙa sabbin kwanduna, aka aika wa mai mota cewa baɗi ya shirya. Shekara guda da rabi ina kallon mutane suna yi wa abin da ya mutu shiri. Na ci jarrabawa a wannan tsakanin, aka yi mini barka.

Ranar da abin ya fito fili ina gida. Ƴaƴan sun nuna, ga su nan kamar ƙwayar gujiya, ja, fata da ƙwallo, irin waɗanda yara ke tsinta a daji. Itacen Kaka kaɗai ya yi nauyi da nasa manya. Ba wanda ya yi hayaniya. Mutane suka yi ta zagaya lambu suna tsinka suna dubawa suna yarwa. Na sauka ɗakin sanyi don na ɓuya, sai na tarar da Babana a ciki shi kaɗai, zaune a kan kwandon da aka kife, sababbin kwanduna jere a bayansa ba komai a ciki. Na juya zan fita. Ya ce, "Tsaya." Ni ya ce wa, ba bango ba. Ya ce, "Takardar nan da tsohuwa ta faɗa. Tana wurinka?" Na ciro, na buɗe shafi na tara, na miƙa masa da hannu biyu. Bai iya karatun boko ba, bai kuma buƙace shi ba. Ya sa yatsa a kan ƙullin, ya sauke shi zuwa gicciyen. Ya ce, "Wannan ko makaho aka ɗora wa hannu zai gane. Ranar taro tana aljihunka?" Na ce, "Tana ciki." Ya ce, "Naka biyar ɗin, wa ya sare?" Na ce, "Ni." Sai ya ɗago ya dube ni, karo na farko da na ga ƙwayar idonsa sosai, ashe irin nawa ne. Na so ya zage ni. Ya rufe littafin, ya gyara bangon da ya lanƙwashe, ya miƙo mini. Ya ce, "Ka iya kunya. Ni na koya maka." Ya hau matakala ya fita. Har ya rasu bai sake tada maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa cewa na sani ba. Shi ya ɗauki laifin a gaban mutane, ya sauka daga shugabanci.

Koperatif bai mutu a rana ɗaya ba. An gwada ajiye tumatir da kabewa a ɗakin, amma ba su isa a wahalar da jaki sau uku a wuni ba. Na ce zan sake yin auren daga itacen Kaka, na bi littafin layi-layi, amma abin da ido ya haddace hannu bai sani ba. Cikin talatin, uku ne kawai suka kama, su ma rijiya ta ƙara nisa ta bar su. Mutane ba su hana ni ba, ba su kuma taya ni ba. Wanda ya yi shekaru yana shayar da itace ya ga ya koma abin da ke tsirowa kyauta a daji, ba ka da bakin ce masa ya sake. Ludayin ya fara kwana biyu a ƙofa ɗaya, sannan mako. Wata safiya na ga an rataye shi a tamu. Na shayar da bango, da yamma na kai shi ƙofar maƙwabci, washegari na tarar an dawo mini da shi. Na sake kaiwa gaba, aka sake dawowa da shi. Ban kai na uku ba. Bangon ya bushe ya tsage daga sama har ƙasa, rufin ya zauna, awaki suka mai da wurin makwanci. Matasa suka fara bin motocin arewa, wasu Libiya, daga baya wasu haƙar zinariya. Ni aka tura ni koyarwa ƙauyukan Belbeji da Tanhiya, na yi shekaru ina cewa yara su ɗaga hannu in sun san amsa, ina jin nauyin maganar a bakina.

Da na ajiye aiki na dawo, Kaka da Baba da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Lambunan sun zama fili, shingen da muka kashe itatuwa dominsa ko ƙaya ɗaya ba ta rage ba. Itacen Kaka kaɗai na tarar, ya tsufa, ya karkace, ƙullinsa ya yi girman kan yaro, amma duk shekara yakan ba da ƙwarya biyu ko uku. Ina kai masa ruwan alwalata. Yara sukan jefe shi su ci, ba su taɓa tambayar me ya sa ƴaƴansa suka fi na sauran ba, ni ma ban tara su na faɗa ba. Abin da na yi shi ne na sami murfin gwangwani na rubuta da fenti, da Hausa da Faransanci, kada a sari wannan itace, na ɗaure a reshe da waya. Na ga kamar na sauke nauyi. Tsatsa ta cinye rubutun tun shekaru uku da suka wuce, kullum ina cewa zan sabunta.

Ran Talatar da ta wuce da hantsi ina zaune a zaure sai na ji ta a tafin ƙafata kafin kunnena ya ji. Sara a ƙasa. Na fita ba takalmi, ba sanda. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na yi ihu har mata suka fito daga gidaje, har karnuka suka ɗauka. Jikan ƙanena ne, yana neman ƙayar da zai kewaye bulonsa kada awaki su taka. Kafin na isa itacen ya riga ya kwanta, ƙullin yana sama da saran da taƙi guda, fari fat. Yaron ya tsorata da ganina, ya yar da gatari, ya ce, "Baba Mushe, lafiya? Magarya ce fa. In ruwa ya sauka za ta tsiro." Na dube shi. Muryar Babana ce sak, har yadda yake ɗaga gira. Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙullin, na faɗa masa komai a tsaye a cikin rana, da taron, da littafin, da biyar ɗina, abin da ban faɗa ba shekara arba'in. Bai ɗauki lokacin shan shayi ɗaya ba. Ya ce, "To me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?" Na saki hannunsa. Ya ce, "Wallahi da na sani ko kusa ba zan zo ba." Na ce na sani.

Na yanki rassa bakwai masu ɗan rai daga itacen da ke kwance, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Duk garin babu inda zan ajiye su zafi bai kashe su kafin yamma ba sai kusurwar arewa. Na ɗauko ludayin daga inda yake rataye a ɗakina, igiyar ta ruɓe amma duman bai fashe ba, na shayar da guntun bangon. Yashin ya yi ɗan shuuu ɗinsa kamar jiya aka bar shi. Da rana ta yi sanyi na nemi ƙananan magaryun daji bakwai, jikokin waɗanda muka sare, na tsaga na cusa na ɗaure. Idona ba ya ganin tsagar sosai, lokacin ma ba na aure ba ne, littafin ya faɗa a shafi na shida. Yaron ya riƙe mini leda, washegari kuma ya bi mota zuwa Agadas, dama bulon na kuɗin mota ne.

Jiya na zagaya. Shida sun yi baƙi, in ka taɓa sai su karye. Ta bakwai tana can bayan tsohuwar rijiya, na lulluɓe ta da ƙayar itacen Kaka. Na je har kusa da ita, taku huɗu ya rage, na tsaya, na juyo gida. Ludayin yana ƙofata. Babu ƙofar da zan kai shi.